Shifta ga kwamfuta: wa zai riƙe jan biro?

Duk wanda ya yi firamare ya san shifta, inda malam ke karantowa ɗalibai na rubutawa, sannan a bi littattafan da jan biro. Yau kwamfuta ce ke zaman ɗaliba. Tun 2015 Google Docs yake karɓar rubutu da murya, Microsoft Word ma yana da nasa, a 2024 kuma Google ya shigar da Hausa cikin harsunan da Gboard, allon rubutunsa na waya, ke saurara ya rubuta. Manhajar Whisper mai mayar da magana rubutu, wadda kamfanin OpenAI ya saki kyauta a 2022 bayan horar da ita da sauti na sa'o'i 680,000, ta sa kowane mai gina manhajar rubutu zai iya liƙa mata makirfo ba tare da wata doguwar wahala ba, kuma Hausa na cikin jerin harsunanta.

A ganina liƙa makirfon shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin yana wajen gyara, domin marubucin da ya yi magana ta minti biyar sannan ya kwashe minti ashirin yana farautar kurakurai bai ci ribar komai ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na gwada wata manhaja da jimla ɗaya tak: "Baƙi sun zo, ga shi kuma ƙafata na ciwo." Abin da ya fito shi ne "baki sunzo gashi kuma kafata na ciwo". Lanƙwasar ƙ ta ɓace, sai baƙi suka koma baki, "ga shi" kuma ya haɗe ya zama gashin kai. Laifin ba na kunnen na'urar kaɗai ba ne, domin rubutun da ta koya daga gare shi namu ne, kuma mu ɗin ne muka cika intanet da "yayi" da "shine" da haruffa marasa ƙugiya. Ɗalibi ba ya wuce abin da ya gani a allo.

Alamomin rubutu ma wata rigima ce. Idan na ce "aya", ɗigon ƙarshen jimla nake nufi, ko ayar Alƙur'ani, ko kuwa ayar da ake yin kunu da ita? Mai gina manhajar da ya fassara umarnin Turanci kalma da kalma zai jefa malamin da ke shifta tafsiri cikin ruɗani, domin duk inda ya ambaci aya sai ɗigo ya bayyana. Dole umarni ya zo da wata alama da za ta bambanta shi da zance, ko da danna maɓalli ne yayin furta shi.

Saboda haka abin da nake nema ga masu wannan aiki shi ne manhajar ta ja layi ƙarƙashin duk kalmar da take shakka a kanta, ta ajiye sautin wurin domin marubuci ya sake saurara, ta kuma riƙe gyaran da ya yi don kada gobe ta maimaita kuskuren. Basakkwacen da ya ce "hwara" ya kamata a bar masa zaɓi, ko a rubuta yadda ya furta ko a mayar masa da "fara" ta daidaitacciyar Hausa. Ya kamata kuma a faɗa wa mutum ƙarara ko muryarsa na fita daga na'urarsa zuwa wata kwamfuta a ƙasar waje, domin lauyan da ke shifta takardar rabon gado yana ambaton sunayen magada ne da gonakinsu ɗaya bayan ɗaya.