Dalar sadaka ta koma gwanjo

Na san wasu za su ce ina ruwan biri da gada don na ɗauko zancen Yahudawa, amma ku yi haƙuri, batun tabarruki ne, kuma mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Shugaban Yahudawan ɗariƙar Chabad, Rabbi Menachem Mendel Schneerson, tun daga 1986 duk ranar Lahadi yakan tsaya a gida mai lamba 770 a titin Eastern Parkway da ke Brooklyn a birnin New York, dubban mutane su yi layi, ya miƙa wa kowa dala ɗaya ya sa masa albarka. Dattijo ne da ya haura tamanin, amma haka zai yi sa'o'i a tsaye. Dalar kuwa ta sadaka ce, an ba ka ne ka kai wa mabukaci. Sai mabiya suka samo dabara: su adana wadda ta fito daga hannunsa, su zaro wata daga aljihu su bayar. Wallahi ban ga aibun wannan ba. Talaka ya samu, masoyi ma ya samu. Haka aka yi ta yi har ya kamu da shanyewar jiki a 1992, ya rasu a 1994.

Inda raina ya ɓaci shi ne yau waɗannan dalolin ana buga musu gwanjo, ana sayensu ninkin ba ninki. Kuɗin da aka fitar don ya isa hannun marar shi, yanzu sai mai hannu da shuni ke iya taɓa shi. Kuma dala ai dala ce, ba ta da wani tambari na malamin. Shaidarta ita ce bakin mai sayarwa, ko kwanan watan da wani ya rubuta a gefenta da biro. Ɗan damfara me yake jira?

Ku dubi kujerar Rabbi Nachman na Breslov, shugaban wata ɗariƙar Yahudawa ta daban, wanda ya rasu a garin Uman na ƙasar Ukraine ta yau cikin 1810. Zamanin Tarayyar Sobiyat almajiransa suka wargaza ta gunduwa-gunduwa, aka fitar da ita a ɓoye, aka sake harhaɗa ta a birnin Ƙudus. Tana nan a majami'arsu ta unguwar Mea Shearim, mai kuɗi da marar kuɗi duk ido ɗaya suke kallonta da shi. Irin wannan adanawar nake girmamawa.

Su kansu 'yan Chabad sun taɓa ɗanɗana wannan rigima. A 1985 wani jikan shugabansu na shida, wato shugaban da Schneerson ya gada, ya kwashi tsofaffin littattafai daga laburaren kakansa ya fara sayar wa dillalai, yana cewa gadonsa ne. Aka je kotun tarayya a New York, a 1987 alƙali ya yanke cewa littattafan na jama'ar ɗariƙar ne. Har yau duk shekara suna bikin ranar da aka yanke hukuncin, kuma a ranar ake kwaɗaita musu su sayi littattafan addini su karanta.