Fitilar eyabag da baƙin salatif

Wata Camry ƙirar 2009 ta faɗi binciken lafiyar mota na shekara-shekara a nan jihar Bajiniya ta Amurka, don fitilar eyabag, wato jakar iskar da ke kare mutum idan an yi karo, ta ƙi mutuwa a dashbod. A nan idan wannan fitila tana kunne ba a manna maka sitikar amincewa a gilashi sai an gyara. Bakaniken garejin, wani Bature mai safar hannu ta roba, ya ce da mai motar cikin wasa idan gyaran ya yi masa tsada ya sayar wa masu lodi zuwa Afirka, can baƙin salatif ake manna wa fitilar. Aka yi dariya. Maganar ta yi mini ciwo, kuma abin da ya ƙara mata ciwo shi ne ba ƙarya ce zalla ba.

Lambar da kwamfuta ta nuna ita ce B1653, wadda a Toyota ke nufin matsala a layin sensar matsayin kujerar direba. 'Yar aba ce da ba ta kai akwatin ashana ba, a ɗaure jikin dogon ƙarfen da kujera ke zamewa a kai. Akwai maganaɗisu a cikinta, akwai kuma wani falle na ƙarfe a jikin layin. Idan aka jawo kujera gaba sosai, matsayin fallen da sensar ya canza, ƙarfin wutar da ke bi ta wayoyinta biyu shi ma ya canza. Da haka kwamfutar eyabag ke gane direba ya matso sitiyari, sai ta rage ƙarfin fashewar jakar idan an yi karo. Gajeren mutum da ke tuƙi ƙirjinsa kusa da sitiyari, don shi aka yi ta. Kada a rikita ta da na'urar awon nauyi da ke kujerar mai zaman banza, ko wadda ke tuna wa kujerar lantarki inda ka saba ajiye ta. Kowace da lambarta.

Lambar ba ta ce sensa ta mutu ba, layinta ta ce. Wannan bambanci shi ne rabin aikin.

Da farko a murɗa makulli a kalli fitilar: mai lafiya takan kama kamar daƙiƙa 6 ta mutu. Wadda ba ta kama ba sam ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, don wani ya riga ya taɓa ta. Sannan a sa kwamfutar gwaji da ke shiga sashen eyabag, domin ƙananan nan masu araha lambobin inji kaɗai suke karantawa, su ce maka komai lafiya. A buɗe shafin da ke nuna karatun sensa kai tsaye, a tura kujera gaba a dawo da ita baya, a ga ko karatun na canzawa. A kama damin wayar da ke ƙarƙashi a girgiza a hankali. Idan karatun ya yi tsalle, an kusa gano wurin.

Kafin a cire kowane soket a kashe makulli, a cire kan batir na nagatif, a jira. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3, saboda kwamfutar eyabag na riƙe wutar da za ta iya tayar da jaka bayan an cire batir. Soket ruwan ɗorawa da ke ƙarƙashin kujera na jakar gefe ne, kuma ba a ɗora mita a ɓangaren jakar, ko kusa. Sai a cire soket ɗin sensa da na wajen kwamfutar, a auna wayoyin biyu daga wannan kai zuwa wancan: kowace ta nuna ƙasa da om 1. Tsakanin waya da bodi, da tsakanin wayoyin biyu, om miliyan 1 ko fiye. A mayar da batir, a kunna makulli, a duba ko wata wuta na kutsowa: kada ta kai bolt 1. Sai waya ta fita daga zargi ake kallon sensar, kwamfutar kuwa ita ce ta ƙarshe, ita ce kuma ta fi tsada. An gama, a goge lambar, a kashe a sake kunnawa.

Galibi laifin yana inda waya ke lanƙwasa duk lokacin da aka ja kujera. Tagullar takan karye a ciki robar tana nan garau. Ko gorar ruwa ta gangara ta fizge soket. Ko mai wanki ya jiƙa kafet, filayen soket suka yi kore. Ko kwabo ko ƙusa ta manne wa maganaɗisun.

A garejin nan ba a yi rabin wannan ba. Ƙasa a goge tas kamar asibiti, kowane sifana da gurbinsa a durowa, ɗakin jira da kofi da talabijin, ga taswirar wayarin kowace mota a allo. Amma awa guda ta aiki ta haura dala 100, don haka ba mai kwanciya ƙarƙashin kujera yana bin waya taku-taku. Kwamfuta ta ambaci sensa, a yi odar sensa. Ba ta gyaru ba, a yi odar damin waya. A ba su haƙƙinsu, doka ta hana mai gareji kashe na'urar kariya, kuma suna kiyayewa. Sai dai wannan doka ce, ba gwaninta ba.

Yaron mai wayarin da ya shekara biyar a hannun ogansa a Ƙofar Ruwa ko Panteka, da fitilar gwaji da tsohuwar mita zai gano wayar nan kafin shayin Alhaji ya huce. Abin da ba shi da shi taswira ce da ta gaya masa om nawa zai gani, da wanda zai ce masa fitilar gwaji ba ta shiga layin eyabag. Salatif kuwa waye ke neman sa? Mai mota ne zai ce, «Oga, kashe min wannan fitilar kawai, Kaduna zan wuce.» Wanda ya ƙi, an tafi rumfar gaba.

Kuma motar daga ina ta zo da fitilar? Daga nan. Mu ne muke shiga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya, mu saye mu loda zuwa Legas ko Kwatano, jaka ta riga ta fashe, bel ya ƙulle, soket sun sha ruwa. Can a rufe sitiyari da sabon murfi ba komai a ciki, a sa 'yar rizisto ta yaudari kwamfuta, a wanke a ce 'yar Amurka ce ba ta taɓa komai ba. Ɗan uwanka ne zai saya, ƙila ma kai ka aika masa hoton ta WhatsApp bayan an goge ta. Hotunan gwanjon suna nan a intanet ga duk mai lambar shasi, amma ban taɓa jin wanda ya haɗa su da makulli ya aika gida ba. Bakaniken nan ya san inda motocin ke zuwa domin yana ganin masu zuwa ɗauka, kuma da Hausa wasunmu ke ciniki a bakin ƙofar.