Wai jagwalgwalo ne zanen Ibrahim El-Salahi

Tun jiya maganar nan take ci na a rai. Na nuna zane-zanen Ibrahim El-Salahi, mai zane ɗan ƙasar Sudan, da aka baje a gidan baje kolin zane na Drawing Center da ke New York a 2022, sai wani bawan Allah ya ce jagwalgwalon yara ne, ko kala babu. Kun dai ga abin da idonku.

Malam, ba ka duba ba ne. Da ka tsaya ka duba, da ka ga a kan me aka yi zanen: kwalin magani ne da ambulan. Dattijon da aka haifa a Omdurman a 1930, ciwon baya ya hana shi tsayuwa gaban babban aiki, sai ya ɓare kwalin maganin da yake sha, ya juya bayan kwalin, ya ɗora alƙalami. Layi siriri kamar gashi, ya lanƙwasa ya zama harafin Larabci, harafin ya koma fuska, fuskar ta koma reshen itace. Wane yaro ne hannunsa ya nuna haka?

Kuma ba yau ya fara ba. A 1975 gwamnatin Numeiri, shugaban Sudan na lokacin, ta kulle shi a kurkukun Kober wata shida babu shari'a. A can yake yagar takardar buhun siminti ya yi zane a ɓoye, in ya ji motsin gandirobobi ya binne cikin rairayi. Mutumin da ya sha wannan a kan zane kake cewa bai san abin da yake yi ba.

Na san za a ce ai kowa da abin da yake burge shi. Ban ƙi ba. Ka ce bai burge ka ba mana, amma ka duba tukuna. Maganar rashin kala kuwa ba na ma sauraronta. Mu da muka tashi da allo da tawadar gawayi da ƙaro, yaushe muka fara raina baƙi a kan fari? Shi ma El-Salahi mahaifinsa malamin makarantar allo ne, daga nan idonsa ya buɗe, tun kafin Tate Modern ta Landan ta shirya masa babban baje koli a 2013.

Wannan ma ya tuna mini da allon zayyanar da aka yi wa yayana ranar saukarsa. Yana nan a ɗakin Inna bayan ƙofa, ƙura ta rufe shi. Wai a cikinku akwai wanda ya san mai zayyana da har yanzu yake aiki a Kano? Ina son in je in ga hannunsa.