Inna ba ta da aiki, in ji takarda

Waɗanda suka ga hoton da na saka shekaranjiya sun san zancen, ga shi ga waɗanda ba su gani ba. Wani yaro cikin masu bin gida-gida suna tambayoyin ƙididdiga ya shigo gidanmu da rigarsa mai tambari da na'urarsa a hannu, ya durƙusa ya gaida Inna da ladabi, sannan ya ce: "Inna, kina da aiki?" Ta ce: "Wane aiki, ɗan nan? Ina dai zaune." Ya danna, ya wuce tambaya ta gaba. A lokacin hannunta dumu-dumu yake da tunkuza, kasko na kan wuta, 'yan talla biyu na tsaye suna jiran a ƙirga masu ƙuli-ƙuli.

To madalla. Matar da ta biya mani kuɗin makaranta da man gyaɗa ta shiga lissafin marasa abin yi.

Ban ga laifin yaron ba, abin da aka rubuta masa ya karanta. Laifin na wanda ya zauna a biro ya fassara tambayar ne. A Maradi in ka ce wa mutum "aiki", abin da yake ji shi ne albashi ƙarshen wata, gwamnati ko kamfani. Abin da Inna take yi sunansa sana'a. Ka tambaye ta "mece ce sana'arki?" ka ga ko za ka tashi kafin la'asar. Kalma ɗaya ce, amma a kanta ake zubar da mata dubbai daga cikin lissafi: masu fura, masu ƙosai, masu kitso, masu kiwon jar akuya a bayan ɗaki, duk waɗanda kasuwarsu a tsakar gida take, talla ce ke fitar da ita waje.

Wani ya rubuto mani cewa ai ba kowa ake ƙirgawa ba, gidaje kaɗan ake zaɓa su wakilci saura. Na sani, malam, na gode da karatu. Ai shi ya sa abin ya fi ciwo. In Inna ɗaya tana tsaye a madadin mata ɗaruruwa, kuskuren da aka yi a kanta an yi shi sau ɗaruruwa ke nan.

Wani kuma ya ce in kwantar da hankalina, alƙaluman Bankin Duniya da na hukumar ƙwadago ta duniya sun riga sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijar kansu suke yi wa aiki. To, wannan ko makaho ya laluba ya sani. Ka tsaya a bakin babbar kasuwa ka nemi mai takardar albashi. Su dai waɗannan alƙaluman ne ke cewa rashin aiki a Nijar bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Mun fi Faransa ke nan, sai mu yi biki! Dalilin kuwa ƙa'idar ce: wanda ya yi awa ɗaya tak a mako yana neman kuɗi, an sa shi cikin masu aiki. Da wannan ma'aunin maƙwabtanmu na Najeriya suka sauko daga kashi 33 zuwa kashi 4 a 2023, ba tare da an buɗe wata masaƙa a Kano ba.

Kun ga dai inda aka kwana. Saurayi mai digiri da ya ari babur ya yi kabu-kabu ranar Juma'a kaɗai yana da aiki. Inna da ke tashi tun asuba ba ta da shi. Duk daga tambaya.

Sannan yaushe aka yi tambayar? Ka je Gidan Rumji ko Madarunfa da damina, kowa manomi ne. Ka koma a watan Maris, rabin samarin sun tafi ci-rani, wanda ya rage yana dillancin dabbobi ranar kasuwa, yana fito da kaya ta Dan Isa, bakin iyakar Najeriya, sauran kwanaki. Mutum ɗaya, sana'a uku, takarda kuma layi ɗaya ta ba shi. Ƙidayar 2012 ta ce jihar Maradi ta haura mutum miliyan 3. Ina so in san nawa ne cikinsu suka taɓa jin an tambaye su da Hausar da suke ji.

Wallahi ba don a rubuta sunan Inna a wani littafi nake wannan surutu ba. Da waɗannan lambobin ake tsara rance da tallafi da koyon sana'a. Wadda takarda ta ce tana zaune, ba za a tuna da ita ba ranar rabo. Abin dariya, mai yankan tikitin kasuwa bai taɓa tambayar kowa ko yana da aiki ba. Shi ya san kowa, har mai tallan goro a faranti.

Af, yaron ma bai fita hannu rabbana ba, Inna ta ƙulle masa ƙuli-ƙuli a leda, ta ƙi karɓar ko dala.