Yadda wayar ƙanwata ta koma 'yar Japan

Duk sanda burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta nemi shafi, tana tura 'yan layuka a saman buƙatar: ni ce wance, ga yaren da nake so. Layin yaren sunansa Accept-Language. Ni kuwa aikina in ga ko shafin da muke ginawa zai juya zuwa Japananci idan an nema.

Sai na kunna mitmproxy a kwamfutata, wato shirin da ke shiga tsakanin burauza da shafi, ya kafa kujera a ƙofa ta 8080 kamar ɗan aike mai buɗe wasiƙa ya gyara kafin ya kai. Na rubuta masa layi biyu da Python, yaren ba kwamfuta umarni: duk buƙatar da ta gifta, a share yarenta a sa "ja", alamar Japananci. Cajin wayata ya ƙare, na ari ta ƙanwata, na karkata Wi-Fi ɗinta ta bi ta kwamfutata, na shiga shafin mitm.it na sa mata takardar shaidar mitmproxy don kada shafukan https, wato masu tsaro, su yi gardama. Shafinmu ya fito da Japananci tsaf. Na miƙa mata kayarta har da godiya, ban mayar da Wi-Fi ɗin yadda yake ba.

To, Python ba ya duba niyya. An ce masa duk buƙata, shi kuwa ya riƙe amana.

Can sai ga ta: "Yaya, me ka yi wa wayata? Na nemi darasin lissafi an ba ni zane-zane!"

Na leƙa. Shafin bincike, maɓallin shiga, har gargaɗin kukis, wato bayanan da shafi ke ajiyewa a waya, duk sun koma Japananci. Manhajojinta kuma rabinsu sun yi yaji, don tun Android 7, a 2016, manhajoji suka daina yarda da takardar shaidar da mutum ya sa da hannunsa, sai dai in mai manhajar ya ba da izini.

Na ce yanzu-yanzu. Ina cikin gyara sai yatsa ya riga ni adanawa. Shi kuwa mitmproxy da an adana yake ɗaukar sabon rubutu, ba tambaya. Ashe yatsan ya zame, "ja" ta zama "ka", alamar yaren ƙasar Jojiya. Wani shafin ya karɓa hannu bibbiyu, ya zubo mata haruffan Jojiya masu lanƙwasa.

Raina ya ɓaci, na kashe shi gaba ɗaya. Wayar dai har yanzu ƙofa ta 8080 take ƙwanƙwasawa, ba mai amsawa.

"Yaya, don Allah maido min da Japanancin. Shi ko ba komai yana buɗewa."