Wa zai gaya mana sunayen mutanen da ke cikin hoton nan?

Asabar ɗin da ta wuce na yini a ƙaramin gidan tarihin da nake zuwa aikin sa kai, kuma tun da na dawo abin da na gani ya ƙi barin raina. Rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri.

Rana ce aka ware don tsofaffin hotuna. Babu babban baƙo, babu jawabi. An jera tebura, an baza kwafin hotunan da suka shekara da shekaru a cikin akwati, kowanne da ɗan katinsa mai ɗauke da rubutu iri ɗaya: ba a san su wane ne ba. Aka yi sanarwa cewa duk mai tsoho a gida ya daure ya kawo shi ya duba. Ni aikina riƙe fensir da littafi.

Wajen hantsi wata dattijuwa ta shigo, jikarta na riƙe da hannunta. Ta zagaya tebur biyu ba ta ce uffan ba. A na uku ta tsaya, ta ɗauki hoton wasu ma'aikata 11 da ke tsaye a gaban wani gini, ta kai shi dab da idonta, ta nisanta shi, ta sake matso da shi. Sai ta ɗora yatsa a kan na farko daga hagu ta ce, "Rubuta, ɗana." Ta kawo sunan mutum 7, da sunan mahaifin kowanne, da aikin da yake yi. Da na karanta mata shekarar da aka sa a katin ta girgiza kai. Ta ce ba zai yiwu ba, domin a shekarar nan ba a ɗora wa ginin bene ba tukuna, ga shi kuwa a hoton da benensa. Mai kula da gidan ya je ya duba wata takarda, ya dawo ya ce, "Iya, gaskiyarki ce."

Can sai wani dattijo da ke sauraro daga gefe ya matso ya ce, "Hajiya, na huɗun nan fa ƙanensa ne, kama ce ta yi yawa." Ta ce, "Haba Malam, mutumin da ya yi maƙwabtaka da mu shekara nawa?" Suka yi ta ja, kowa na kawo hujjarsa, yara sun kewaye su sun yi tsit. Ba su daidaita ba. Muka rubuta maganar kowannensu da sunan wanda ya faɗa da kwanan wata, muka bar wa na gaba.

Abin da nake so in faɗa ke nan tun daga farko. A ganina, taron da ya fi amfanar gidan tarihin gari shi ne wanda mutane ke zuwa ɗauke da abin da suka sani, gidan ya karɓa ya rubuta. Na halarci tarukan tallafi masu yawa inda ake jera kujeru, a yi jawabai, a yi alkawuran kuɗi da tafi, a ɗauki hoto, a watse. Wasu alkawuran ana cikawa, wasu kuwa daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Ban raina irin wannan taro ba, kuɗi dole ne, zan zo kan wannan. Amma hoton da babu suna a kansa, ko an saya masa gilashi mafi tsada, hoton mutanen da ba a sani ba ne. Sunan nan kuwa ba a sayensa a ko'ina. Yana cikin kan wata tsohuwa da jikarta ta riƙo, kuma in ba a tambaye ta bana ba, ba a san ko za a samu damar tambayarta baɗi ba.

Masana harkar ma sun daɗe da gane haka. Majalisar gidajen tarihi ta duniya, wato ICOM, wadda aka kafa a 1946, ta zauna a birnin Prague ranar 24 ga Agusta 2022 ta amince da sabuwar ma'anar gidan tarihi, kuma a ciki aka sa ƙarara cewa gidan yana gudanar da aikinsa ne tare da sa hannun al'umma. Ita ce kuma ta ware 18 ga Mayu a matsayin ranar gidajen tarihi ta duniya tun 1977. Sai dai kafin a rubuta wannan a takarda, wasu unguwanni sun riga sun yi shi a aikace.

Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne na unguwar District Six da ke birnin Cape Town a Afirka ta Kudu. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar a matsayin ta farar fata zalla. Aka kwashe mutane sama da 60,000 da ƙarfin tsiya, aka bi gidajensu da motocin rusau. A 1994 tsofaffin mazauna unguwar da masu goya musu baya suka buɗe gidan tarihi a cikin wata tsohuwar majami'a. Me za su nuna, alhali an rushe komai? Sai suka shimfiɗa babbar taswirar unguwar a ƙasa, suka ce kowa ya zo ya durƙusa ya rubuta sunan iyalinsa a daidai inda gidansu yake. Allunan sunayen tituna kuma, wani daga cikin ma'aikatan rusau ne ya ɓoye su maimakon ya zubar, daga baya suka dawo hannun gidan aka rataye su. Ku duba fa: abu mafi daraja a gidan nan rubutun hannun mutanen unguwa ne. Da sun tsaya jiran a kawo musu kayan tarihi daga wani wuri, da har yau ɗakin fanko ne.

A Amurka ma, a 1967 cibiyar gidajen tarihi ta Smithsonian ta buɗe gidan tarihin unguwar Anacostia a birnin Washington, cikin wani tsohon gidan silima, a ƙarƙashin jagorancin John Kinard. A 1969 suka yi baje koli a kan ɓera, domin ɓeraye ne suka addabi mutanen unguwar a lokacin. Wani zai ce me ya haɗa ɓera da tarihi? Ni dai darasin da na ɗauka shi ne, gidan ya tambayi maƙwabtansa abin da ke damunsu, su kuma suka ga kansu a ciki suka riƙa zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, batun kuɗi. Yawancin masu ba da gudummawa sun fi son abin da za a gani, sabon fenti, sabon allo mai ɗauke da sunansu. Abin da ke kashe gidan tarihi kuwa a ɓoye yake: rufi mai ɗiga, danshi, gara, tsohuwar wayar lantarki. Takarda in ta zauna a ɗaki mai laima fumfuna ce za ta cinye ta, in rana na dukanta kullum tawadar ta koɗe. Daren 2 ga Satumba 2018 gobara ta tashi a gidan tarihin ƙasa na Birazil da ke Rio de Janeiro, shekararsa 200 cif da kafuwa, ɗauke da kaya wajen miliyan 20. Mafi yawansu suka ƙone, har da muryoyin da aka naɗa na harsunan wasu ƙabilun asali. Ma'aikatan gidan sun shekara suna kukan rashin kuɗin gyara. Kafin gobarar, gara ta sa an rufe wani ɗakin baje koli, sai da aka yi karo-karo ta intanet don a sake buɗe shi. Bayan gobarar ɗalibai suka roƙi duk wanda ya taɓa ziyartar gidan ya aiko da hotunan da ya ɗauka, mutane kuwa suka yi ta aikowa. Abin a yaba ne, amma ihu ne bayan hari. In gida irin wannan, mai suna a duniya, zai tafi a dare ɗaya, ina ga ɗan ɗaki biyu da ma'aikaci ɗaya ke riƙe da shi?

Shi ya sa nake roƙon duk masu shirya taron tallafi su faɗi abin da za a yi da kuɗin dalla-dalla. A ce bana rufi za mu gyara, ko akwatunan ajiya za mu saya, ko tukwanen kashe gobara. In an gama a kira mutane su zo su gani da idonsu, a liƙa lissafin a bango. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya shiga, baɗi ba sai an roƙe shi ba. Kuma gudummawa ba ta tsaya ga kuɗi kaɗai. Kafinta zai iya ba da yini ɗaya ya gyara kantocin ajiya. Mai gyaran lantarki ya duba wayoyi. Malamar makaranta ta kawo ajinta, ta ba kowane yaro aikin ya je ya tambayi kakarsa yadda unguwarsu take a da, ya rubuto. Matashin da ya iya kwamfuta ya zauna ya shigar da rajistar kayan.

Akwai wani aiki da nake ganin ya fi kowanne gaggawa, shi ne kaset. Gidaje da yawa akwai tsofaffin kaset na murya da na bidiyo a cikin kwali, hira da wani dattijo, taron makaranta, wa'azi, waƙa. Zaren kaset yana lalacewa da kansa, yawancin na'urorin kunna shi kuma an daina ƙera su, masu gyaran suna ƙarewa. Hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya sun yi gargaɗi a kan wannan tun 2019. Ranar da gidan tarihi zai ce kowa ya kawo kaset ɗinsa a juye masa a kwamfuta, a ba shi kwafi, gidan ya ajiye kwafi da izininsa, wallahi ta fi liyafa goma amfani. Haka ma takardu da hotuna. A irin ranar ce ake koya wa mutane ƙananan abubuwa masu ceton dukiya: kada a liƙa salatif a jikin tsohuwar takarda, kada a manne ta cikin leda da na'ura mai zafi domin ba ta ɓantaruwa kuma, a rubuta suna a bayan hoto da fensir mai laushi, a guji biro.

Yanzu bari in juyo kan gidajen tarihin su kansu, domin su ma da laifinsu, kuma wannan ya taɓa ni. Shekarun baya, bayan rasuwar kakana, na tattara wasiƙunsa da wani littafinsa na lissafi na kai wa wani gidan tarihi. Aka karɓa da fara'a, aka yi mini godiya. Ba a ba ni rasit ba, ban ga an rubuta a rajista ba, ni kuma ban san ya kamata in nema ba. Bayan shekara biyu na koma da 'yata don in nuna mata rubutun hannun kakan babanta. Wanda ya karɓa an sauya masa wurin aiki, wanda na tarar bai san zancen ba. Aka duba nan, aka duba can, aka ce in dawo. Na dawo sau uku. Har yau ban sake ganin littafin nan ba, kuma ba na jin akwai ranar da zai daina yi mini ciwo.

Don haka idan na ji ma'aikacin gidan tarihi yana cewa mutane ba sa son kawo kayansu, nakan ce masa a yi musu uzuri. Abin da mutum ya gada amana ce, ba zai miƙa ta inda bai ga tsari ba. Duk abin da aka karɓa a ba shi lamba, a rubuta wanda ya kawo, da ranar, da labarin da ya zo da shi, a ba mai shi takardar shaida da sa hannun ɓangarorin biyu, a fayyace kyauta ce ko aro. Wanda ba ya son rabuwa da nasa, a ɗauki hotonsa a mayar masa a take. In an sa kayan a baje koli a rubuta sunan iyalin a ƙasa, in sun yarda. Na ga yadda mutum ke dawowa da 'yan uwansa kaf don kawai su ga sunan gidansu a ɗan katin nan.

Sannan a buɗe ƙofa ga kowa. Ƙaramin gidan tarihi yana da saurin zama na manyan gari kaɗai, hotunan masu mulki da masu kuɗi a bango, su kuwa leburori da mata da baƙin da suka zo cin rani suka zauna, ko ambatonsu babu. Wanda bai ga nasa a bango ba, da wuya ya ɗauki gidan a matsayin nasa. Kwamitin da ke shirya taruka ma a sa irin waɗannan mutane a ciki, kuma a yi taron a lokacin da mai aikin yini zai iya zuwa.

Da za su tafi ranar Asabar, dattijuwar nan ta ce akwai wata ƙawarta da ƙafa ta hana ta fita, ita ce za ta san sauran mutum 4 ɗin. Na ce, "Iya, in mun zo gida za ta gan mu?" Ta ce, "Ku zo da safe, kafin ta gaji." Mun sa ranar Laraba. Muna neman mutum ɗaya mai waya da ke naɗar murya da kyau, da wani mai saurin rubutu. Duk wanda ke da sarari ya yi mini magana.