Kuncin Wa Kake Miƙawa, Baba Fasto?

Abin da baƙon mai wa'azin nan ya yi wa samarinmu ranar Lahadi bai dace ba ko kaɗan, kuma raina ya ɓaci matuƙa. Duk kun ga bidiyon, ba sai na maimaita ba. Mutum ya taso daga nan cikin Katsina, an kai shi da hantsi, an dawo da shi kafin la'asar domin direba ya ce ba ya bin hanyar nan in rana ta yi sanyi. A ɗan tsakanin nan ya hau mumbari, ya sa yaran da ke kwana gadin ƙauye suka miƙe tsaye a gaban iyayensu, ya kira su masu ƙarancin bangaskiya, wai hannun da ya riƙe gora da harba-ka-ruga bai cancanci ya karɓi jibin Ubangiji ba. Ku sake kallon yaron da ke ta gefen taga. Idonsa jawur saboda rashin barci, ƙafar wandonsa ba ta ma bushe daga raɓa ba, daga bakin gari ya wuto sujada ko koko bai sha ba. Mahaifiyarsa na cikin zumuntar mata, ta ja gefen kallabi ta rufe fuska. Su waɗannan aka zaɓa a kunyata.

Baba Fasto, da girmanka da furfurarka nake tambaya: kuncin wa kake miƙawa?

Ayar da ka kafa hujja da ita mun haddace ta tun muna ajin Lahadi. Matiyu 5:39, in wani ya mare ka a kuncin dama, ka juya masa ɗayan. Na gaskata ta, ba na neman hanyar zille mata. Amma Yesu da kai yake, a kan kuncinka. Naka ne, kana da ikon ka ba da shi, kuma in ka bayar ladanka na wurin Allah. Kuncin 'yar shekara 9 da ake jan ta zuwa dajin Rugu ba naka ba ne. Kuncin tsohuwar da ba ta iya gudu ba naka ba ne. Kuncin mai jegon da ta haihu shekaranjiya ba naka ba ne. Ba a yin sadaka da kayan wani, haka nan ba a yin haƙuri da jinin wani. Wanda ya yafe marin da aka yi masa ya yi aikin Kirista. Wanda ya tsaya yana kallo ana tafiya da matar maƙwabcinsa, alhali zai iya busa usur ko ya tare ƙofa, sannan ya ce yana bin Matiyu 5 ne, to bai miƙa kuncinsa ba, na matar ya miƙa, kuma ba ta ba shi izini ba.

Shi kansa Ubangiji, da ɗan dogarin babban firist ya mare shi a Yahaya 18, bai rama ba, amma bai yi gum ba. Ya ce in ya faɗi abin da ba daidai ba a nuna, in kuwa daidai ya faɗa, don me ake marinsa? A lambun Getsamani kuma, da suka zo kama shi, ya ce in ni kuke nema ku bar waɗannan su tafi. Ya ba da kansa, ya tsare nasa. Kansa kawai ya bayar. Bai haɗa da Yahaya da Yakubu ya ce ga ƙari ba.

Na san abin da za a cika mini ƙarƙashin rubutun nan da shi: ai ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube, duk wanda ya zari takobi, takobi ne ajalinsa. Haka ne, Matiyu 26:52. Bitrus yana neman hana gicciye ne, gicciye kuwa shi ne dalilin zuwan Almasihu. Wace ceto ce za ta fito daga sace ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020? Wane annabci ne ya cika da aka kashe limamin Katolika Fada Alphonsus Bello a Malumfashi a watan Mayun 2021, aka tsinci gawarsa a gona, aka tafi da dattijo Fada Joseph Keke? Bayan shekara guda aka shiga Gidan Mai Kambu a ƙaramar hukumar Kafur aka ɗauke limaman coci biyu daga gidansu. Kada a haɗa mana wannan da Getsamani. Ɓarayin daji ba tambayar bangaskiyarka suke yi ba, kuɗin fansa suke nema, da shanu, da hatsi, da mata. Mutuwa a hannunsu ba ita ce mutuwar Istifanas ba, wanda aka jejjefe saboda bangaskiyarsa. Fashi ne, Littafi kuma bai taɓa cewa a shimfiɗa wa ɗan fashi tabarma ba.

Ni ma ba zan ɗauko Luka 22:36 in yi ta kaɗa ta ba, inda aka ce wanda ba shi da takobi ya sayar da mayafinsa ya saya, domin malamai sun daɗe suna jayayya a kanta. Ba na buƙatarta. Ga Karin Magana 24:11, ka ceci waɗanda ake ja zuwa mutuwa, aya ta gaba kuma ta toshe bakin mai cewa ai ban sani ba. Ga Ibrahim a Farawa 14, da ya ji an kame Lutu, ya tashi mutanen gidansa 318 ya bi sawu da dare ya dawo da shi, da mata, da kaya. Ga Nehemiya 4, an yi addu'a an kuma sa matsara dare da rana, magina suna aiki da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da makami, mai busa ƙaho yana tsaye kusa. Addu'a da gadi a aya guda, ba a ce ɗaya ta kore ɗaya ba. In kuma za a ce duk wannan Tsohon Alkawari ne, to a buɗe Ayyukan Manzanni 23. Mutum sama da 40 suka yi rantsuwa ba ci ba sha sai sun kashe Bulus. Ɗan 'yar'uwarsa ya jiyo, Bulus ya aika shi wurin shugaban soja, aka fita da shi da dare zuwa Kaisariya cikin rakiyar sojan ƙasa 200, mahaya 70, da 'yan mashi 200. Manzon da ya rubuta mana cewa kada mu rama mugunta da mugunta, shi ne ya hau doki a tsakiyar masu makami 470, bai ce su koma bangaskiyarsa ta ishe shi ba.

Ita ma ikilisiya ba yau ta fara wannan muhawara ba. A ƙarnukan farko akwai irin su Tertuliyan da suka ce Kirista ba ya aikin soja, akwai saurayi Maksimiliyan da aka kashe a Arewacin Afirka a shekara ta 295 domin ya ƙi shiga soja. Daga baya Ambros, bishop na Milan, ya koyar da cewa wanda zai iya kawar da cuta daga ɗan'uwansa amma ya ƙi, laifinsa ɗaya da mai cutar. Agustin, ɗan Afirka ne shi ma, ya yi ɗari-ɗari da mutum ya kashe wani don ceton ransa shi kaɗai, amma ya yarda da mai ɗaukar makami bisa hukuma don tsare wasu. Kun ga inda suka ja layi? Daidai inda nake ja. Abin da ya shafe ka, kana iya sadaukarwa. Abin da ya shafi wanda ke ƙarƙashin kulawarka, amana ce. Koyarwar Katolika ta yau ma ta ce kāriya ta halal tana iya zama nauyi mai girma a kan wanda rayukan wasu ke wuyansa.

Kada wani ya ɗauka ina raina masu ƙin ɗaukar makami. Allah ya sawwaƙe. 'Yan'uwanmu na EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro daga Garkida a 1923, cocin salama ce tun asalinta. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yanta ne, a shekarar nan kuma Boko Haram ta mamaye hedikwatarta a Kwarhi. Sun binne mutanensu, sun riƙe koyarwarsu, sun ciyar da 'yan gudun hijira har da Musulmi. In irin waɗannan suka ce mini ba za su taɓa makami ba, zan sunkuyar da kai in saurara, domin da jikinsu suka biya kuɗin maganar. Abin da ba zan karɓa ba shi ne mai kwana a bayan katanga mai waya, da maigadi a ƙofa, da ofishin 'yan sanda a bakin layi, ya je ya ɗora wa talakan ƙauye kayan da shi bai taɓa ɗauka ba. Maigadin gidanka, Baba, me yake riƙewa da dare? In tsaro zunubi ne, ka fara sallamarsa, ka buɗe ƙofa, sannan ka zo ka yi mana wa'azi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko kaza, da rashin ƙarfinta, in shirwa ta kawo sura sai ta baza fukafukai ta tare, ba ta tsayawa lissafin ko za ta iya. Kuma da ita Yesu ya kwatanta kansa a kan Urushalima.

Sai masu cewa a bar wa hukuma, ai Romawa 13 ta ce ita ke riƙe da takobi. Wace hukumar? Wadda gwamnanta na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito da bakinsa a 2021 ya ce jama'a su tashi su kare kansu domin jami'an tsaro ba su isa ko'ina ba? Wadda Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar mata da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, ya ɗebi samari sama da 1,400 daga cikin garuruwan nan ya ba su horo? Hukumar da kanta ce ta ce a taimaka mata. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya san da kare mutum daga harin da ba bisa doka ba. Yaran nan da sanin mai unguwa suke fita, da sanin dagaci, sunayensu na rubuce. Ba su yi wa kowa tawaye ba.

Akwai masu cewa tsayawar ce ke jawo ramuwa, suna kawo misalin Unguwar Mantau, inda aka buɗe wa masallata wuta a sallar asuba a Agustan 2025, aka kashe mutane da dama, gwamnati kuma ta ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen gari suka yi wa 'yan bindiga. Abin ya girgiza mu duka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma ku je ku tambayi ƙauyukan da suka yarda suka biya haraji kafin su yi shuka, suka sake biya kafin su girbe, ko an bar musu 'ya'yansu mata. Laifin kisan masallata na kan wanda ya harba, ba na kan wanda ya hana a sace masa iyali ba.

Yanzu ku samari, ku ma ku ji, domin ba zan kāre ku a gaban jama'a in ƙyale ku a kan kuskure ba. Gadi daban, ramuwa daban. Ranar da kuka tsallake iyakar gari kuka nufi rugar da ba ta taɓa ku ba, ranar da kuka tare Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne, ranar da kuka sa hannu a kan wanda ya riga ya faɗi ko ya miƙa wuya, a ranar kun fita daga abin da nake karewa. Mun ga abin da wasu 'yan sa-kai suka yi a jihar nan da Zamfara, yadda kisan gilla ba shari'a ya ƙara wa wutar nan fetur, aka mai da yaran da ba ruwansu 'yan daji. Ɗaukar fansa ta Ubangiji ce, Romawa 12:19, wannan ba ta canja ba don muna cikin wahala. Ɗan Bafulatanin nan ma kuncinsa ba naku ba ne. Wanda kuka kama ku miƙa shi ga hukuma da ransa. Kada ku sha komai kafin ku fita, kada ku ɗaura laya, kada ku taɓa akuyar kowa. In kuka dawo da asuba ba a yi harbi ko ɗaya ba, kowa ya tashi lafiya, aikin ya yi kyau ke nan.

Kuma a sani, a ƙauyen nan ba Kirista kaɗai ke kwana a waje ba. Layi ɗaya suke da samarin Musulmi, tocila ɗaya suke karɓa-karɓa, shayi ɗaya suke sha a gindin tsamiya. In lokacin asuba ya yi namu ke tsayawa su yi salla, ranar Lahadi su ke zagaya majami'a har a tashi. Iyayenmu da suka ga yadda aka ƙona majami'u a Funtuwa da Katsina a rikicin 1987 ba su zaci za su ga wannan da idonsu ba. Shi ne wa'azin minti 40 yake so ya rusa, domin tun ranar Litinin wasu iyaye sun fara hana 'ya'yansu fita, su kuwa maƙwabta suna tambaya ko an bar musu gadin su kaɗai ne.

Dattawan ikilisiya da suka zauna shiru a kujerar gaba ana wannan abu, ku ma da sauran magana tsakaninmu. Ku kira yaran nan, ku ba su haƙuri a gaban taron da aka kunyata su, ku ba su jibi.

Wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya: tun da bidiyon nan ya fita nake ganin 'yan'uwa daga Kudu, har da wasu na Jos da Kaduna, suna rubuta wai ashe akwai Kirista Bahaushe a Katsina. Akwai mu, kuma ba baƙi ba ne. Ku zo Malumfashi, ku zo Kafur, Bakori, Funtuwa, ku ji ana waƙar sujada da Hausar da ba a koya a makaranta ba. A 2023 aka ba Katsina dayosis ɗin Katolika nata, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe. ECWA da Angilikan sun daɗe a ƙauyukan nan tun zamanin kakanninmu. Sunayenmu Audu ne da Ladi da Tanko da Talatu, shi ya sa in an karanto jerin waɗanda aka sace ba ku gane mu a ciki. Masu shirya taron addu'a don Arewa, in kun tashi lissafa jihohi ku riƙa sa Katsina, kuma in za ku aiko mai wa'azi, ku aiko wanda zai kwana.